Teburin da Ba Shi Ya Ƙera Ba

Auta ce kaɗai ta lura cewa tun ranar da shuɗin teburin nan ya shiga ɗakin mamanta, babanta bai ɗora hannu a kansa ba. Alhali mutum ne da hannunsa ba ya iya wuce katako bai shafa ba. Ko gidan gaisuwa aka je, ana cikin addu'a za ka ga babban yatsansa yana bin gefen bencin da yake zaune a kai, yana laluben inda aka haɗa. A asibiti ya taɓa kifa kujerar masu jiran likita yana leƙen ƙasanta, har nas ta tambaye shi ko ya yar da wani abu ne. Amma wannan tebur, in zai wuce ta gefensa ya buɗe taga, sai ya tattare rigarsa ya karkace kamar mai wuce kaskon wuta. 

Kafinta ne, kuma Kafinta kowa ke ce masa a layinsu, in ban da Mai Walda, abokinsa da shagonsa ke manne da nasa, wanda ke kiransa Injiniya in yana jin tsokana. Tun yana yaro ya shiga sana'ar, a hannun wani tsoho mai zafin rai da ya daɗe bai ba shi komai ya riƙe ba sai samfefa, takardar nan ta goge katako. A wurin tsohon nan ya koyi haɗa katako ba ƙusa, a wurinsa kuma ya ɗauko ƙin fenti. A ganinsa katakon kirki ba ya son komai sai guga da banish, man nan mai sa shi sheƙi ya bar zanensa a fili. In ka kawo masa aiki ka ce a shafa fenti, zai ƙera maka, sannan ya yi maka kwatancen inda masu fenti suke, yana kallon gefe. Yakan ce duk kafintan da ka ga yana gaggawar buɗe gwangwanin fenti, akwai abin da yake son ɓoyewa.

Duk wani katako da ke gidansa aikin hannunsa ne. Gadon aurensu, kabad ɗin kaya, teburin falo mai zanen nan kamar ruwa yana gudu. Yaransa sun tashi sun san ba a ɗora kofin shayi a kan teburin Baba sai an sa wani abu a ƙasa, ba a jan kujera, ɗaga ta ake yi, ba a yin aikin makaranta da biro a kai sai an shimfiɗa jarida. Ba ya duka, ba ya ma faɗa. Zai zo ne kawai ya ɗaga kofin, ya goge wurin da hannun rigarsa, ya yi ajiyar zuciya. Wannan ajiyar zuciyar ta fi bulala ciwo.

Matarsa sakatariya ce a wani ofis har ta yi ritaya, shi ya sa ma Sakatariya yake kiranta tun suna da ƙuruciya. Da ta dawo gida zama bai karɓe ta ba. Sai ta fara karɓar rubuce-rubucen ɗalibai tana buga musu a kwamfuta, ta mai da ɗakin babban ɗansu, wanda ya yi aure ya tashi, wurin aikinta. Abu ɗaya ya rage mata.

"Malam, tebur fa?"

"Yana nan tafe."

"A ƙafa yake tahowa?"

Ba wai ya ƙi ba ne. Ya shiga ɗakin da tef, ya auna lungun da ke kusa da taga, ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta awon a jikin bango. Har falankan maɗaci yana da su, busassu, da ya daɗe da ɗorawa a saman rufin shago yana hana kowa taɓawa. A cikin kansa teburin ya gama haɗuwa, kuma ya yi kyau ƙwarai, kyan da ya sa ba zai yiwu a yi shi a gurguje tsakanin wannan aiki da wancan ba. Sai ya sami sarari. To sararin ne bai zo ba. Yau bencinan makaranta, gobe ƙofofin sabon gida, jibi gadon amarya da masu shi suka tsaya masa a kai. Ita kuwa Sakatariya tana can tana buga aikin mutane a kan teburin guga, ta jingina filo a bayanta saboda ciwon kwankwaso.

Wata Asabar ya dawo cin abincin rana ya tarar ana sauke kaya daga bayan mota a ƙofar gidansa: tebur, da 'yar kantar littattafai, da kujera mai ƙafa ɗaya a sake. Daga nesa ya gane irin kayan. Garin katako ne aka matse da gam, aka lulluɓe da leda mai zanen katako, gefe guda ya kumbura inda ruwa ya taɓa shiga.

"Wannan fa?"

"Tebur ne, Malam."

"Wa ya rasu aka ba ki gado?"

"Kasuwar 'yan gwanjo na je."

"Ai da kin tambaye ni."

"Na tambaye ka. Ga amsar can a jikin bango, har fensirin ya fara gogewa."

Ya juya ya shige gida. Washegari ya ƙi fita ko'ina. Ya ɗauko kujera ya zauna a inuwar tsakar gida da rediyonsa, yana jiran a zo a ce, Malam, ta ina ake farawa? Ya ma shirya amsar, ya shirya yadda zai ɗan ja rai kafin ya tashi. Ba wanda ya zo. Auta, wadda take hutun jami'a, ta riga ta kalli yadda ake yi a wayarta. Suka shimfiɗa tsofaffin buhuna, suka kwance hannayen durowa, suka fito da samfefa sabuwa fil a cikin leda. Samfefar nan ta fi komai ƙona masa rai. Yana da ita tari guda a shago, mai kaushi da mai laushi, amma matarsa ta wuce ta ƙofar shagonsa ta je ta saya a hannun wani.

Suka goge, suka share, suka fara shafa musu farin fenti, suka bar shi ya sha iska. Sakatariya ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali, ta zura wata tsohuwar rigarsa da ya daina sawa. Da suka buɗe gwangwanin shuɗin, ta tsoma burushi ta ja layin farko, sai ta yi 'yar ƙara kamar yarinya.

"Auta, zo ki ga! Wayyo, ji kala!"

Ya daɗe bai ji ta yi irin wannan dariyar ba. Ya ƙara sautin rediyo, ya rage, ya yi tari.

"Kin cika burushin. Zai yi hawaye."

"To, Malam."

"Kuma iska za ta kwaso muku ƙura."

"To, Malam."

To ɗin nan dai ita ce wadda take yi masa in ya ce a rage gishiri a miya. Fentin ya yi hawayen kuwa, a ƙafar baya, ya kuma kama 'yar ƙura. Ya gani daga inda yake zaune, ya ji daɗi, amma daɗin bai daɗe ba, don su ko a jikinsu.

Da aka shigar da kayan ɗaki, abin da yake tsoro ya faru: sun yi kyau. Shuɗi ne mai sanyi, kuma hasken taga na sauka a kansa da hantsi sai ɗakin duka ya yi fes. Ta jera takardun mutane a kan kantar, ta sa wani ɗan fure a cikin kwalbar da ta wanke, ta ɗinka wa kujerar matashi. Kullum da safe, kafin ta kunna kwamfuta, sai ta goge saman teburin da tsumma, sannan ta bi shi da tafin hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ga wannan shafar ba sau ɗaya ba. Shekara da shekaru tana kwana a gadon da ya ƙera, tana rataye kayanta a kabad ɗin da ya ɓata wata da watanni yana sassaƙa wa ƙofa, bai taɓa ganin ta shafa su haka ba. Kabad ɗin ma "kabad ɗin Malam" take ce masa. Amma wannan tarkacen gwanjo, da bakinta cike, "teburina".

"Auta, ɗauko min tabarau, yana kan teburina."

"Kada ki damu, 'yata, ajiye a kan teburina, gobe ki zo ki karɓa."

Ya ce wa Mai Walda abin ba zai kai damina ba, zai saɓule kamar fatar maciji. Damina ta zo ta wuce, teburin na nan.

Sai kuma wata rana wata mata mai gilashi ta tsaya a ƙofar shago, malamar makaranta ce da ke kai wa Sakatariya aiki. Ta gaishe shi da girmamawa, ta ce tebur take so.

"Ga su nan, Hajiya, ki zaɓa. Wannan maɗaci ne, ji nauyinsa."

Ta ɗan kalle su don kada ya ji ba daɗi. "A'a, Baba, irin na gidanka nake so. Shuɗin nan. Wallahi duk aikinka da na gani, shi ya fi kyau."

Mai Walda, da yake tsugune yana like wata ƙofar ƙarfe, ya ɗaga gilashin fuskarsa a hankali. Ya jira har matar ta tafi da alkawarin za a neme ta, sannan ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya.

"Injiniya! Ashe kana da hannu haka ka ɓoye mana? Duk aikinka shi ya fi kyau!"

"Ka kama aikinka."

"Ni dai shawara zan ba ka. Ka ɗauki Maman Auta aiki. Kai ka riƙa yanka, ita tana rufa maka asiri."

A ranar ya hau tsani ya sauko da falankan maɗacin nan. Ya kaɗe ƙurar da ta taru a kansu, ya jera su a rana yana juya su, yana zaɓar waɗanda zanensu zai haɗu. Ya ture aikin mutane gefe, masu ƙofofi suka yi ta sintiri yana ba su haƙuri. Bai sa ƙusa ko ɗaya ba, kowane haɗi sai da ya sassaƙa shi ya shiga cikin ɗan'uwansa ya kulle. Durowoyin suna fita suna komawa ba ko ƙara. Ya goge saman har sai da ya daina jin komai a ƙarƙashin yatsunsa, ya shafa banish, ya bari ya bushe, ya sake gogewa, ya sake shafawa. Yana aikin yana ganin abin a ransa: za ta fito, ta riƙe baki, ta miƙa hannu ta shafa, ta faɗi kalmar nan.

Da la'asar suka kawo shi, shi da Mai Walda, suna nishi, suka dire a tsakar gida. Ya yaye zanin da ya rufa masa.

Sakatariya ta fito tana goge hannu a gefen zaninta. Ta zagaya shi a hankali. "Masha Allah. Malam, wannan ai sai ofishin manaja. Kai, Allah ya yi wa hannun nan albarka." Da gaske take, ya ji a muryarta. Amma hannayenta biyu suna bayanta, a harɗe.

"To, a fito da wancan."

"A fito da shi zuwa ina?"

"Ko'ina. Ki ba wa wani. Zauna ki gwada."

Auta ta kawo shuɗiyar kujerar. Sakatariya ta zauna, ta ɗaga hannuwa kamar za ta buga rubutu, sai kafaɗunta suka tashi har kusa da kunnuwa.

"Ya yi min tsawo."

"Haka tsayin tebur yake a ko'ina."

"Ni kuma haka tsayina yake. Nawa ai rage masa ƙafa na yi."

"Kika rage? Da me?"

"Da zartonka na gida."

Mai Walda ya tuna yana da wani aiki a shago, ya sulale. Kafinta ya shiga ɗakin ya durƙusa, a karon farko ya kalli teburin nan da kyau. An yanke ƙafafun a karkace, ta cusa kwali a ƙarƙashin ɗaya don kada ya yi rawa. A gefe ta buga ƙusa, katuwar ƙusa irin ta rufin kwano, ta rataye wayar caji. A saman kuma, dab da kwamfuta, ga zoben gindin kofi nan ya fito sarai a kan shuɗin, wani a kan wani.

"Kin ga abin da nake faɗa? Shayi ya ɓata shi."

"Ya ɓata. In ya dame ni in sake shafawa, fentin bai ƙare ba." Ta jingina da ƙofa. "Malam, kada ka ji haushi. Kayanka suna da kyau, amma ni tunda na shigo gidan nan a ɗarare nake da su. In na ajiye kofi sai na waiga. In cokali ya faɗi a kan teburin falo sai gabana ya faɗi tare da shi. Wannan kuwa ko gatari na sa masa ba mai ajiyar zuciya."

"To ai wancan ma naki ne. Don ke na yi."

"In nawa ne, zan yanke masa ƙafa, in buga ƙusata, in shafa masa shuɗi ya dace da kantar. Ka yarda?"

Ya waiga ya kalli teburin da ya dire a tsakar gida. Maɗaci ne. Maɗacin da ya yi ta ɓoyo yana hana manyan masu kuɗi.

Aka ja teburin zuwa baranda aka mai da masa zaninsa. Kwanaki suka yi ta wucewa yana nan kamar baƙon da ba a ce masa ya shigo ba. Kafinta in ya fito alwala sai ya gan shi, in ya zauna cin abinci sai ya jiyo ƙarar maɓallan kwamfuta daga ɗakin can, kas-kas-kas, ba tsayawa, a kan garin katako da gam. Abincin ma ya rage ci. Auta ta ga yana ɗaga gefen zanin da safe ya leƙa, ya saki.

Ran nan bai fita shago da wuri ba. Ya kifa teburin maɗacin a kan buhu, ya kira Sakatariya ya sa ta zauna, ya auna daga gwiwar hannunta zuwa ƙasa, ya ja layi a kowace ƙafa. Ya yanke su da kansa, daidai wa daida, ya goge bakin, ya mai da teburin tsaye. Sannan ya shiga kicin, ya ɗauko ragowar gwangwanin shuɗin daga ƙarƙashin kanta, ya ɓalle murfin da sukundireba, ya juya shi da tsinke. Ya miƙa mata burushi, kansa a sunkuye.

"Bismillah. Naki ne."

Ta karɓa. Ta tsoma, ta ɗaga. Fentin ya taru a bakin burushin, ɗigo ɗaya ya yi nauyi yana lilo a saman zanen nan da ya yi ta jerawa a rana. Ta ɗaga ido ta kalli mijinta. Ya dafe ƙugu da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya miƙe shi rabi, tafin a buɗe, kamar zai tare ɗigon.

Ta mai da burushin ta kwantar da shi a bakin gwangwani.

"Ji fuskarka, Malam. Kamar yaron da za a yi wa allura."

"Na ce ki shafa."

"Ko na shafa, duk ranar da ka shigo ɗakin za ka riƙa kallonsa kamar ka zo duba mara lafiya. Ni kuma in kasa aiki." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Kuma tsakani da Allah, ba don kai kaɗai ba ne. Ina son nawa. Na saba da shi."

Da ta ce fentin ne ba ta so, ko tsayin, ko nauyin, da ya san abin da zai yi, don duk abin gyarawa ne. Wannan kuwa ba ta inda zai kama. Aka yi sallama a ƙofar gida, wata ɗaliba ce da takardu a hannu, Sakatariya ta amsa ta ja ta ciki. Ba a jima ba ƙarar maɓallan ta ci gaba.

Ya aika aka kira Mai Walda su mai da teburin maɗacin shago. Mai Walda ya zo, ya tsaya ya ƙare wa gajerun ƙafafun kallo, ya kalli abokinsa, ya ga yau ba ranar Injiniya ba ce.

"Yanzu wa zai saya a haka?"

"Wa ya ce maka na sayarwa ne? Kama can."

Suka kai shi, suka ajiye a can ƙuryar shago, bayan ƙofofin da masu su ke jira. Kafinta ya dawo gida ɗaukar hularsa da ya manta, sai ya tarar da gwangwanin a buɗe a baranda, burushin na kwance a kai, shuɗin ya fara kamewa a gashinsa. Ya mai da murfin ya danna da dunduniya. Ya zuba kananzir a wani tsohon kwano, ya tsuguna a bakin rariya yana murza gashin burushin da yatsunsa har launin ya daina fita, ya wanke da sabulu, ya kaɗe ruwan, ya jingina shi a bakin taga ya bushe.